Kat-kat a Ƙofar Gidan Surukina

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya cinye mini sauran abin da na sani, da safiyar Lahadin da na kulle surukina a cikin gidansa da motata. Har yau idan na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi, kuma har yau ina jin haushin Sumaila makaniki, da mutanen unguwa, da ni kaina.

Ni fataucin albasa nake yi a kasuwar Malanville. Shekara da shekaru burina guda ne: in mallaki kat-kat, motar nan da ba ruwanta da kwalta, in tsallaka gada zuwa Gaya, in nausa arewa har inda yashi ya tsayar da ni. Da Allah ya hore sai na samu wata ta hannu, tsohuwa amma injinta da rai. Tayoyinta ne ba su yi mini ba, sirara kamar ƙafafun zakara. Sumaila ya samo mini wasu manya masu zurfin zane, ya ce amma sai an ɗaga jikin motar, in ba haka ba taya za ta riƙa gogar ƙarfe duk lokacin da na sha kwana. Na ce a ɗaga. Ya ce a ɗora mata kwandon ƙarfe a sama saboda jarkokin mai da ruwa. Na ce a ɗora. (A zumuɗin da nake ciki, da cewa ya yi a yi mata ƙaho ma, cewa zan yi a yi.)

A nan wautar ta fara. A wajenmu ba a barin mutane su ga shirin tafiya, saboda baki. Garejin Sumaila kuwa a bakin titi yake, duk ɗan kabu-kabun da ya wuce sai ya taka birki ya faɗi ra'ayinsa. Na rantse ba a can za a yi aikin ba. Gidan da nake haya ba shi da fili, amma gidan surukina yana da tsakar gida mai faɗi, da doguwar katanga da aka jera wa fasassun kwalabe, da ƙofar ƙarfe guda ɗaya tak mai rufin siminti a samanta. Na tura Rabi matata ta roƙar mini. Da kaina na shigar da motar, ta wuce sumul, aka ja ƙofa aka rufe. Kwana tara Sumaila yana aiki a ɓoye, ni kuma ina ta yaba wa kaina dabara.

Ya kamata ku san yadda nake da Baba, surukin nawa. Shekara goma sha ɗaya da auren 'yarsa, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba. In durƙusa, in gaishe shi, in tashi, shi ke nan. To, a rana ta takwas ina durƙushe sai na ji yana cewa a nemo masa babur don Lahadi. Za a ɗaura auren 'yar ƙaninsa marigayi a wani ƙauye gaba da Madécali, shi ne waliyyi, idan bai je ba babu aure. Damina ce, hanyar ta zama laka. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Baba, a bar zancen babur. Dattijo kamarka, da babbar riga, bisa babur? Ni zan kai ka."

Ya ce, "Hanyar ta ɓaci hwa."

"Tayoyin da munka sa, Baba, ko cikin gulbi suna tahiya."

"To, Allah shi kai mu."

Wannan ce magana mafi tsawo da na taɓa yi da shi, kuma da ita na haƙa wa kaina rami.

Ranar Lahadi da sassafe aka wangale ƙofa. Mutanen da na yi kwana tara ina ɓoye wa mota suka cika titi, domin ƙarar gudumar Sumaila ta riga ta gaya musu komai. Motar kuwa ta yi kyau, ta tsaya ƙerere. Baba yana tsaye a tsakar gida cikin farar shadda da ta sha bugu, yana jira in fitar da ita ya shiga daga waje. Na hau, na gyara hula, na sa giyar baya, tunda da gaba na shigar da ita.

Na ji wani "ƙiiir" a sama. Mai hankali tsayawa zai yi. Ni kuwa na ce a raina tudun simintin nan ne da aka yi a bakin ƙofa don tare ruwan sama, kuma saboda irin wannan tudu na sayi tayoyin. Na take totur. Wallahi tayoyin sun yi aikinsu, ba zan zalunce su ba. Suka kama ƙasa suka haye, kwandon ƙarfen ya cusa kansa ƙarƙashin rufin ƙofar da ƙarfin gaske, siminti ya tsage, ɓaraguzai suka zubo. Motar ta tsaya cak, rabi a titi, rabi a gida. Gaba ta ƙi, baya ta ƙi. Ƙyauren da ke ɓangarena ya manne da ƙofata, ta nan ko fita ba na iya yi.

Na leƙo ta taga na ƙwala wa Sumaila kira. "Kwana tara kana nan, ba ka ɗaga kai ka dubi ƙohwa ba?"

Ko gezau bai yi ba. "Maigida, taya ka ce in sa, na sa. Ɗagawa ka ce in yi, na yi. Yaushe munka yi da kai in auna ƙohwa?"

Ku ji fa! Mutumin da ta wannan ƙofar yake shiga safe da yamma. Raina ya ɓaci ƙwarai. Su kuma 'yan kallo nan take kowa ya zama injiniya. Wani ya ce a tura, wani ya ce a ja, wani mai sayar da kifi ya ce shi tun da ya ji ana bugun ƙarfe ya san haka za a ƙare. (To me ya hana ka faɗa, ɗan albarka?) Aka sace iskar tayoyin, motar ta ɗan sauka, sai rufin ya biyo ta, domin kwandon ya maƙale da rodin da ke cikin simintin. Mata suka sa salati daga ciki. Sumaila ya ce kada kowa ya ƙara taɓa komai sai mai walda ya zo ya yanke kwandon. Aka je nemansa, aka ce ya tsallaka Gaya.

Rana tana ta ɗagawa. Can ƙauye an taru, an ajiye goro, ana jiran waliyyi, waliyyi kuma yana tsare a gidansa. Aka kawo shawarar tsani, Baba ya dubi kwalaben katanga, ya dubi gwiwarsa, ya girgiza kai. Sai na ji muryar Inna, surukata, daga bakin ɗaki.

"To shi bi ta cikin motar mana. Ba ƙohwar baya tana waje ba?"

Na yi addu'a ƙasa ta tsage. Baba ya tattara babbar rigarsa ya buɗe ƙofar gaba. Da yake na sa an ɗaga motar, sai da aka kifa masa turmi ya taka. Ya shigo ya zauna kusa da ni, kafaɗa da kafaɗa, ina jin ƙamshin turarensa. Na juyar da fuska ina kallon ƙyaure. Sannan dattijon nan ya juya, ya dafa kaina da tafin hannunsa, hulata ta lotse har kan gira, ya ɗaga ƙafa ya haura kujera. Ya rarrafa ta tsakanin kayan aikin Sumaila da wani tsumma mai baƙin mai, aka buɗe ƙofar baya, maza biyu suka sauke shi a titi. Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan shirun ya fi dariya ciwo. Ta madubi na ga ya haye bayan wani ɗan kabu-kabu, da baƙin tabo a gefen shaddarsa.

Sai bayan azahar aka yanke kwandon aka fito da motar. Baba kuwa ya isa ƙauyen da laka har gwiwa, bayan wasu baƙi sun gaji sun tafi, aka ɗaura aure da waɗanda suka rage. Washegari na je ban haƙuri, na durƙusa ƙarƙashin tsagaggen rufin nan.

"Tashi, ba komi," in ji shi. "Ka ce za ka ɗauke ni a mota, kuma ka ɗauka. Na shiga lahiya, na hita lahiya."

Da ma zagina ya yi, da na samu abin riƙewa. Abin da na koya dai shi ne, duk ranar da mota ta yi mini wata ƙara, sai in ɗauke ƙafa in sauka in duba. Haka nan idan na je gaida Baba, daga "ina kwana" ba na ƙara ko harafi ɗaya.