Ranar Da Sola Ta Yi Jifa Da Ni

Komawa aikin wayarin, wato haɗa wayoyin lantarki, bayan shekara tara ina noma a Bakori bai zo mini da sauƙi ba. Aikin farko, gidan wani Alhaji ne a Funtuwa. Na tarar an ɗauke wuta a unguwar, sai na hau tsani ina taƙama.

Alhaji ya ce, "Malam, ba ka gwada wayar tukuna?"

Na ce, "Alhaji, tun kana gidan haya nake wannan sana'a."

Na damƙi waya. Ashe gidan da sola, wutar hasken rana. Ta wurga ni cikin shanyar barkonon Hajiya, matar Alhaji.

Ina atishawa Alhaji ya ce, "To, yanzu kam ka gwada."

Washegari na saɓa fartanyata na koma gona, amma labari ya riga ni. Har yau Injiniya Sola ake kirana.