Ranar da Kwamfutar Majalisa Ta Ƙi Tashi

A Dajin Tsamiya Bakwai mulki karɓa-karɓa ne, kuma manyan wurin suna alfahari da hakan kamar su suka ƙirƙiro zaman lafiya. Masu ƙaho su yi wata shida a ƙarƙashin Ɓauna, masu farce su yi wata shida a ƙarƙashin Damisa. Kwamfutar gwamnati guda ɗaya ce, amma da yake babu mai yarda ya taɓa abin da ɗan'uwansa ya taɓa, sai aka raba faifan cikinta ɗaki uku. Kowane ɓangare ya sa tsarinsa na sarrafa kwamfuta a nasa ɗakin, in an kunna sai ta tambaya na wa za ta buɗe. Ɗaki na uku, na tsakiya, na kowa ne. A nan rajistar mashaya take, wadda ke faɗin wa zai sha ruwa a tafki da kuma ranar da zai sha. Da rani, wanda babu sunansa a ciki ba ya kusantar ruwa.

Akwai wata al'ada da ba a rubuta ba, amma ba a taɓa saɓa mata ba. Ranar miƙa mulki, mai sauka ba ya kashe kwamfutar, domin a wurinsu kashewa amincewa ce cewa an sauka. Sai dai ya kwantar da tsarinsa barci da rajista a buɗe. Mai hawa ya kunna nasa, ya tarar an riƙe ƙofar ɗakin tsakiya, ya ɓalle ta ya yi rubutunsa. Bayan wata shida mai barci ya farka, ya ci gaba daga inda ya tsaya kamar ba a yi komai a bayansa ba, ya ɗora rubutunsa a kan na wancan. Shekara tara ana haka, kowa yana yaba wa kansa da iya siyasa.

Ana saura kwana uku Ɓauna ya miƙa wa Damisa, a tsakiyar rani, kwamfuta ta ƙi tashi. In an zaɓi na masu ƙaho, sai ta ce tana gyara, ta yi ta gyaran da ba ya ƙarewa. In an zaɓi na masu farce, sai baƙin allo da ƙananan rubutu. Dila mai gadin tafki ya ce shi ba shi da takardar mako da ake fitarwa daga rajista, don haka ya rufe hanya. Manya da aka san fuskarsu suka ci gaba da sha. Iya Ladingo, wata tsohuwar gada da ƙahonta bai kai ɗan yatsa ba, ta je ranar Talatarta aka koro ta. Sunanta ya shekara ashirin a rajista, kuma shi kaɗai ne abin da ta mallaka.

Aka kira majalisa a gindin tsamiya, Hankaka yana kakaki. Ɓauna ya miƙe ya gyara murya.

"Ya ku wakilan daji, wata shida na riƙe wannan na'ura da amana. Abin da na gada ruɓaɓɓe ne, na yi shiru don zaman lafiya. Duk wanda ya duba zai ga sawun farce a cikinta."

Damisa ba ta ko tashi ba. "Ranka ya daɗe, a hannunka ta mutu. Mu dai mun san abin da ake nufi. Ana so ranar miƙa mulki ta zo a ce babu abin miƙawa."

Aka yi ta wannan har rana ta karkata, sannan wani ya tuna akwai mai gyara. Malama Tasalla bushiya ce, ita ke kula da kwamfutar tun ranar da aka kawo ta, kuma sau tara tana rubuto gargaɗi, sau tara ana gode mata. Ta shigo a gajiye, ta tsaya a inda ƙanana ke tsayawa.

"Ranku ya daɗe, na tada ta da filashi na leƙa ciki. Ɗakunanku biyu lafiya lau suke. Ɗakin tsakiya ne ya lalace, shi ya sa kowane tsari in ya iso ƙofarsa yake tsayawa. Bayanan suna nan, amma jadawalin da ke nuna wane suna ne a wane wuri ya hargitse, saboda hannu biyu sun yi ta rubutu a kansa ba tare da sanin juna ba."

"Laifin wa ke nan?" in ji Hankaka.

"Na wanda bai kashe ba, da wanda ya ɓalle ƙofa."

Amsar ba ta amfani kowa ba. Hankaka ya ce a tsallake wannan a tafi kan mafita.

Malama Tasalla ta ce hanya biyu ce. Ta farko, a ba ta kwana bakwai ta kwafe faifan gaba ɗaya a wani wuri, sannan ta bi sunayen ɗaya bayan ɗaya, kafin nan a buɗe tafki ga kowa. Ta biyu, a saki na'urar gyara ta yi aikinta yau. Za ta yi ta tambaya ko ta gyara, in aka amsa mata da e a kan komai, kwamfuta za ta tashi kafin la'asar, amma duk bayanin da ta kasa gane mai shi za ta cire masa suna, ta ba shi lamba, ta jefa shi a akwatin tsintuwa.

"Sunayen su wa za su faɗa can?" in ji Damisa.

"Na manya kullum ana sabunta su, suna da kwafi a ɗakunanku. Na ƙanana ne ba su da kowa."

Daga bayan taro Iya Ladingo ta ɗaga murya, da ƙyar take fita don ƙishi. "'Ya'yana, ni ban san kwamfuta ba. Na dai san Talata tawa ce. Ku yi wa Allah ku bar yarinyar nan ta nemo sunana a hankali, zan iya jira."

Hankaka ya ce an ji koken uwa, kuma majalisa tana girmama tsofaffi. Ɓauna ya lissafa cewa kwana bakwai zai sa a ce ya zarce. Damisa ta lissafa cewa daga wa'adinta za a cire kwanakin. A karo na farko cikin shekara tara suka ɗaga hannu tare a kan hanya ta biyu, aka yi ta tafi ana cewa daji ya haɗa kai.

Malama Tasalla ta zauna gaban allo, dogarai biyu a kanta. Na'ura ta tambaya, ta danna e. Ta sake tambaya, ta danna. Sau ɗari huɗu da goma sha ɗaya ta danna, kuma ta san kowace dannawa sunan wani ne. Ranta ya ɓaci ƙwarai, amma ba ta tsaya ba. Kafin la'asar kwamfuta ta tashi fes, aka yi bikin miƙa mulki a kan lokaci.

Da Talata ta zagayo, Iya Ladingo ta lallaɓa zuwa tafki. Dila ya duba sabuwar takarda sama da ƙasa, ya ce babu ita. Ta koma wurin Malama Tasalla, suka buɗe akwatin tsintuwa, suka yi ta dubawa har suka samu wani guntun bayani mai lamba ɗari biyu da shida. Babu suna a kansa, sai kalmar Talata da rabin kwanan wata. Suka kai wa Hankaka. Ya karɓe su da fara'a, ya ce ai abu ne mai sauƙi, duk mai iƙirarin tsintuwa sai ya kawo shaidar cewa sunansa yana cikin rajista.

Malama Tasalla ta buɗe baki za ta yi magana, tsohuwar ta dafa ta.

"Bari, 'yar nan, kin gaji. An ce akwai wani kududdufi a gabas, tafiyar kwana uku."

"Iya, ba za ki kai ba."

"Na sani," in ji ta, ta kama hanya.