Giyar Ayabar Baban Biyu

"Ni fa giya ba baƙuwata ba ce. A gabana ake haihuwarta, a gabana take fita duniya."

Haka Lubwama yake faɗa duk inda mutum uku suka taru a garinmu Kalisizo. Baban Biyu muke kiransa, tun da matarsa Nakibuuka ta haifi tagwaye, kuma yana ɗaukar sunan kamar lambar yaƙi. Gaskiya ne ya daɗe a wani kamfanin giya a Jinja. Abin da bai cika faɗa ba shi ne aikinsa a can: buɗe wa manyan motoci ƙofa, ya rufe. Na lura mutumin da ya daɗe a bakin ƙofar abu ya fi na ciki yarda da kansa, don bai taɓa ganin inda abin yake lalacewa ba.

To, sai ga ƙanensa Kityo zai kai gaisuwar neman aure gidan su Nambooze, yarinyar da yake nema. Ka san yadda abin yake. Sai babbar gorar giyar ayaba ta shiga gaba kafin bakin surukai ya buɗe. Ba gora, ba magana, ba mata.

"Yaya, zan je in sayo wurin masu yi," in ji Kityo.

"Saya? Ina raye? Kai, yaron nan, so kake a ce gidanmu ba maza?"

"Yaya, aure ne fa."

"Shi ya sa. Giyar da zan yi, surukinka zai sha ya ƙara maka ƙanwarta kyauta."

Aka fara da rami. Kowa yakan ɗan ƙona busasshen ganye ne a ciki don ya yi ɗumi, ya jera ayaba, ya rufe, ya jira ta nuna. Baban Biyu ba ya jira. Ya loda itace kamar zai gasa bijimi, ya zuba ayaba a kan garwashi, ya binne. Ranar da aka tone, ta ƙasa ta yi baƙi ƙirin, ta sama tana nan kore shar, ta tsakiya ce kaɗai ta ji tausayinsa ta nuna.

"Baban Biyu, giya za a yi ko gashi?" in ji matarsa.

"Wannan shi ake kira launi, Maman Biyu. A kamfani har baƙar giya muke yi. Koma wurin tukunyarki."

Aka ɓare, aka zuba a kwamin katako. Bisa al'ada, a wannan mataki ne ake wanke ƙafa, a watsa ciyawar tofa, a yi ta tattakawa har ciyawar ta riƙe tsokar ayaba, ruwan zaƙi ya ware da kansa. Kafin ya ware ba a ƙara ko ɗigon ruwa. Maman Biyu ta kawo dami na tofa, ya ture shi da ƙafa.

"Ciyawa abincin akuya ce. Kuma ƙafar Allah a cikin abin sha? Ƙazanta!"

Ya fito da takalman robarsa na gadi, masu kaiwa gwiwa. Ya hau kwami kamar mai hawa mumbari. Taku na farko lafiya. Na biyu ƙafar dama ta yi gabas, ta hagu ta yi yamma, ya yi zaman dirshan a tsakiyar ayaba, tim! Kaji suka watse.

"Sannu, injiniya," in ji Maman Biyu.

"Gwada laushinta nake yi."

Ya tattaka har rana ta karkata, ruwa bai fito ba. Ayaba ta zama wani abu mai santsi da yauƙi, tana kama takalmi tana saki da ƙara. Sai ya ce ƙishirwa take ji, ya juye mata bokitin ruwa. Ta shanye. Ya ƙara, ta shanye, ta kumbura. Ya kawo garin soyayyar dawa, wanda ake barbaɗawa, shi ya juye kwando guda. Ya bi da yis ɗin da ya roƙo wurin mai burodi, ya rufe da ganye.

Kwana biyu kwamin nan yana numfashi. Ganyen ya ɗaga, ya sauka, kamar ƙaton da ya ƙoshi ya kwanta. Karen gidan ya daina bi ta wajen.

Ranar tafiya giya ta ƙi shiga gora. Sai da ya riƙa danna ta da muciya.

"Yaya, don girman Allah bari in ɗanɗana," in ji Kityo, yana gumi cikin farar doguwar rigarsa da kwat.

"Ango ba ya riga surukai. Ka ji nauyinta? Giyar kirki kenan."

Maza biyu suka ɗauki gorar suna nishi.

A gidan su Nambooze an kafa rumfa, mata sun zauna kan tabarmi, maza kan kujeru. Mai magana da bakin gidan shi ne kawun yarinya, Dattijo Ssempijja, siririn mutum mai kallon mutane ta saman tabarau. Aka dire gora a gabansa.

"Wa ya kawo wannan?"

Baban Biyu ya miƙe kafin a rufe baki. "Ni na kawo, Baba, kuma ni na yi da kaina. Irin ta kamfani ce."

"Madalla. To, wanda ya kawo shi ke fara sha, mu ga ba mugunta a ciki."

Aka miƙa masa siririn karan da ake zuƙa da shi. Ya soka a gora, karan ya tsaya cak da kansa. Ya kafa baki ya ja. Shiru. Ya sake ja, kumatunsa suka lotsa har suka gaisa a ciki. Idanunsa suka firfito, jijiyar wuyansa ta miƙe.

"Tana tafe?" in ji Dattijo Ssempijja.

"Tana hanya, Baba."

"Daga Jinja?"

Rumfa ta ɗauki dariya. Baban Biyu ya yar da kara, ya kifa gora a kan ƙwarya, ya bubbuga gindinta. Gora ta yi gyatsa, sannan wani curi ruwan ƙasa ya leƙo, ya yi tunani, ya faɗo, daɓ!

Dattijo ya cire tabarau. "'Ya'yana, abinci mun dafa. Giya muka ce. Ku ɗauki kayanku, in kun shirya ku dawo."

Kityo ya sunkuyar da kai. Daga cikin ɗaki aka ji Nambooze ta fashe da kuka.

"Ku miƙo min ƙwaryar nan."

Kakar yarinya ce, tsohuwa tukuf, ba haƙori ko ɗaya a bakinta, kuma a gidan nan ba a tsallake maganarta. Ta sa yatsa ta lasa. Ta nemi ludayi. Ta kai ɗaya, ta kai biyu, ta ci gaba. Can sai ta fara kaɗa kafaɗa, tana rera wata waƙa ta zamanin ƙuruciyarta.

"Ssempijja, zauna. Rabon da a kawo min abin da bakina zai iya, tun ina da miji. Ga zaƙi, ga ƙamshin gashi, ga shi yana hawa kai. Gidan da ake dama kunu haka, jikata ba za ta kwana da yunwa ba. A ba su."

Guɗa ta tashi. Kityo ya zube yana godiya. Baban Biyu ya gyara kwat, ya fara duban jama'a ɗaya bayan ɗaya.

Tsohuwa ta aika aka ɗauko sabon zane daga akwatinta, ta ɗaga shi sama tana lalube da ido.

"Ina matar da ta dama kunun nan? Ta fito in ga hannunta. Wannan nata ne."

Maman Biyu ta juyo daga kan tabarma, a natse, da muryar da ta kai har bakin titi.

"Baban Biyu, tashi mana ka karɓi zanenka."