Hannu a Firiza

Tara kayan fim ne jarabata. Lokacin da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, wani shagon irin kayan a unguwar Erdington, nan ƙasar Turawa, zai rufe, na sayo yankakken hannun mutum na kakin zuma, har da farce da jijiyoyi, na kawo shi flat ɗinmu a Rusholme.

Da surukata ta zo daga Kano kula da jegon matata, muka ƙure heater mai ɗumama gida saboda sanyi. Hannun ya fara gumi, yatsun suna lanƙwashewa a hankali kamar mai kiran mutum. Ni sarkin dabara, na naɗe shi a leda na tura firiza, kusa da ganda.

Washegari, ashe surukar tawa ta buɗe firiza neman ganda. Hajiya ta daina cin nama. In na gifta, sai ta janye jaririn tana motsa baki da addu'a. Kunyar surukuta ta hana ta tambaya, ni kuwa na ɗauka girmamawa ce.

Ranar suna ta ja liman gefe: "Malam, mijin 'yata ɗan yankan kai ne."

Aka buɗe firiza gaban jama'a. Na yi ta rantsuwa, liman dai ya ƙi taɓawa.

Har yau in na kai nama walima, sai wani ya ɗaga tsoka: "Wannan na dama ne ko na hagu?"