Rasuwar Kunnen Hagu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma ba ta rasa ɗan ƙyashi ba, Kyaftin mai kantin magani yana sanar da 'yan uwa da abokan wasan tuƙin jirgin sama na intanet rasuwar Kunnen Hagu na hedifon ɗinsa. Marigayin ya cika ranar Asabar da la'asar, a lungun falo tsakanin firji da teburin guga, yana da shekara tara.

Marigayin ya kasance mai riƙon amana. Yayin da Kunnen Dama ke sauraron umarnin mai hasumiyar filin jirgi kamar na kowa, shi Hagu laɓewa yake a tashar rahoton iska, yana tsegunta wa maigidansa. Da ya raɗa cewa iska ta juya, Kyaftin ya san za a sauya titin sauka, sai ya kintsa tun kafin a buɗe baki. Har abokai suka laƙaba masa Boka. Bai taɓa gaya wa kowa sirrin ba, balle ƙaninsa Auta, wanda shi ya koya wa riƙe sitiyari tun yana kifar da jirage a gonakin mutane.

Jinyar ta fara da ƙiiii, ta koma ƙyat-ƙyat, har sai an karkata wuya kafin ya yi magana. An naɗe shi da salatif, an ɗaure da zaren uwargida. Ranar Asabar, jirage goma sha biyu na jere za su sauka, ya ce ƙyat sau ɗaya, ya yi shiru. Iska ta juya babu mai faɗa. Mai hasumiya ya sauya titi, Kyaftin ya rikice ya danna abin da bai dace ba, aka kora shi ya sake zagayowa a bayan kowa, kamar sabon shiga.

Auta kuwa ya sauka lafiya lau, da sabon hedifon mara waya da matarsa ta saya masa. Matarsa fa! Wai ma bai saurari komai ba, gajimare ya duba ya gane. Nan take wani marar kunya ya rubuta a zauren hira: “Ashe Auta ne Bokan gaske.” Mutum takwas suka yi dariya. Kyaftin ya san su ɗaya bayan ɗaya, kuma abin ya ci masa rai ƙwarai.

Marigayin ya rasu ya bar tagwaininsa Kunnen Dama, da makirfo mai tari, da maigida wanda yanzu sai an faɗa masa abu yake sani.

Za a yi jana'iza gobe da hantsi a durowar ƙasa, kusa da kabarin tsofaffin caja. Ana karɓar gaisuwa a kanti. Shi Auta har ya riga kowa, ya aiko da nasa tsohon hedifon a leda, da 'yar takarda: “Yaya, yi haƙuri ka riƙa lallaɓawa da wannan.”

An karɓa, don ba a mayar da gaisuwar mutuwa. An kuma gwada. Kunnuwa biyun ras suke aiki, abin takaici.