Yabon da Ba Nawa Ba

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na miƙe tsaye a gaban manyan mutane don in kare mutuncina ba, alhali babu wanda ya taɓa shi.

A shekarun nan ne da bakin kowa ya buɗe a Kotonu. Tsohon mulki ya kau, jam'iyyu sun yi yawa, jaridu suna ta tsirowa kamar ciyawa bayan ruwan fari. Ni kuwa na gama lise, wato sakandare, kaina cike da waƙoƙin Faransanci, sai wata ƙaramar jarida a unguwar Houéyiho ta ɗauke ni gwaji. Babana, mai manyan motocin da ke jigila zuwa arewa, bai so ba. Da ƙyar ya yarda.

"Ki je," ya ce. "Amma ranar da na ji sunanki a bakin mutanen Zongo, ranar kin gama aiki. Kin ji ko?"

"Na ji, Baba."

Aikina gyara kurakuran rubutun wasu ne. Sai wata rana duk mazan ofis suka tafi taron siyasa, direktan jaridar ya waiga bai ga kowa ba sai ni. Ya ce wani Musye Dosu, wanda ya dawo gida bayan ya daɗe yana gudun hijira a Turai, ya shigo da wata baƙar giya mai ƙarfin gaske, irin wadda ake ajiyewa cikin gangar katako ta daɗe kafin a ɗura ta a kwalba. Zai buɗe ta a wani otal, masana su ɗanɗana su ba ta maki.

"Direkta, ni fa Musulma ce."

"Wa ya ce ki sha, Madmazel? Kunne na aika, ba baki ba. Ki saurara, ki rubuto. In ya yi kyau, shafin al'adu naki ne."

Ya haɗa ni da Bashiru mai hoto, ɗan unguwarmu, mutumin da bakinsa ya fi rediyo nisa, Faransancinsa kuwa iyakarsa ciniki da ɗan zem, wato ɗan acaba. Duk hanya ina addu'ar kada wani ya gan mu.

Na sa rigata mafi kyau a ranar, baƙa, doguwa, da leshi a wuya mai launin kofi da madara. Da muka shiga zauren, na nemi kujerar da ta fi nisa da kwalabe, can jikin taga, na karɓi lemo na zauna. Aka fara jawabai. Wani ya yi magana a kan 'yancin kasuwa, wani ya yi a kan yadda a da kowa iri ɗaya yake sha ko ya so ko ya ƙi. Ni dai na juya ina kallon teku. Jiragen ruwa sun yi layi suna jiran shiga tasha, na shiga tunanin ko su ma suna gajiya da jira, har na fara haɗa baiti a raina. (Wannan ciwo ne da nake da shi tun ina yarinya. An sha aikena sayen gishiri in dawo da labarin gajimare.)

Abin da ya dawo da ni, wata murya ce mai taushi tana cewa da Faransanci, "Ku dubi rigarta."

Na juyo. Musye Dosu ne tsaye, dogo, da 'yar furfura a gefen kai, ya ɗaga kofin gilashi, idanunsa kuwa a kaina sak.

"Baƙa ce wuluk, haske ba ya ratsa ta. Ga wuyanta kuma, launin kofi da madara."

Na taɓa leshina. Na sunkuyar da kai.

"Ta daɗe a killace, cikin duhu da shiru, babu mai damunta. Shi ya sa ta yi hankali. Irin wannan ba a yi mata gaggawa, kuma ba ta kowa ba ce."

Zan faɗi gaskiya, a nan idona ya kawo ruwa. Shekara nawa ina karanta irin wannan a littattafai, ga shi yau wani ya kalle ni sau ɗaya ya karance ni kaf. Na ga sauran mutanen suna gyaɗa kai, wasu har suna rubutawa, sai na ce a raina lallai zaman Turai yana sa mutane su daina jin kunya.

"Jikinta a cike yake, da kauri, da nauyi."

To, wannan ya ɗan wuce gona da iri, amma na yi masa uzuri. Mawaƙa sukan zame.

"Hancin nan kuwa!" Ya lumshe ido. "Ƙaƙƙarfan hanci. Shi kaɗai ya isa ya cika ɗakin nan."

Na rufe hancina da hannu.

Ya kurɓa, ya juya abin a baki, ya yi shiru kamar mai sauraron kiran salla daga nesa. Ya ambaci gasasshen kofi, da dabino, da cakulan, da ƙamshin tsohon katako, da wani zafi mai bin maƙogwaro a hankali. Na ɗauka duk kwatance ne. Sannan ya ce, "Sai dai tana da ɗaci a ƙarshe, kuma ba ta da tausayi. Duk wanda ya kwana da ita, da ciwon kai zai tashi. Ni na ba ta sha huɗu bisa ashirin."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Ni da ko a aji sai malami ya ce in ɗaga murya, sai ga ni da ɗan yatsa a sama.

"Musye, ban san ka ba, ba ka san ni ba! Ka yi maganar rigata, na yi shiru. Ka yi ta jikina, na yi shiru. Hancina kuwa haka Allah ya yi shi, irin na kakata ne. Amma batun kwana da ciwon kai, ka je ka faɗa wa wata. Ni 'yar gidan mutunci ce. Kuma makina bai taɓa faɗowa har sha huɗu bisa ashirin ba, ko a lissafi!"

Musye Dosu ya sauke kofin a hankali, ya ƙanƙance ido, ya kare hasken taga da tafin hannu.

"Madmazel," ya ce, "tun yaushe kike wurin?"

Haske yake nema don ya ga launin giyarsa, ni kuwa na je na zauna a gaban hasken.

Wata dattijuwa daga cikin masu ba da maki ce ta tausaya mini. Ta matso ta riƙe hannuna, ta ce a hankali, "'Yata, a wannan sana'a riga launi ce, wuya kumfa, hanci ƙamshi, jiki kuma kauri." Ba ta kai ƙarshe ba dariya ta ƙwace mata, daga nan zauren duka ya ɗauka. Na fita ban ko tuna da jakata ba, sai Bashiru ne ya biyo ni da ita, fuskarsa a murtuke.

"Yaya Bashiru, don Allah ka rufa mini asiri."

"Haba ƙanwata, wane asiri? Wallahi kin burge ni."

Na ɗauka ba'a yake yi. Na koma gida na zauna jiran hukunci.

Washegari bayan la'asar Baba ya sa a kira ni. Yana zaune a kan buzunsa, carbi a hannu.

"Na ji sunanki a bakin mutane."

"Baba, wallahi..."

"Liman da kansa ya tare ni a ƙofar masallaci. Ya ce Bashiru ya ce kin miƙe a tsakiyar mashaya, ke kaɗai, kin yi musu wa'azi da harshensu har da nuna yatsa, suna dariya ba ki fasa ba." Ya share gefen ido. "Ashe karatun nan bai lalace ba. Ci gaba da aikinki, Allah ya yi miki albarka."

Na sunkuyar da kai, ya ɗauka tawali'u ne. Ban gyara masa ba, kuma har yau akwai tsofaffi a Zongo da ke nuna ni ga 'ya'yansu mata.

Direkta kuwa ainihin labarin ya ji, daga bakin Musye Dosu. Ya ba ni shafin, ya ce duk wadda za ta iya tsayar da taro haka za ta iya tsayar da mai karatu. Sai dai har na bar jaridar babu mai kirana da sunana a ofis, sai Madmazel Sha Huɗu.

Tun daga lokacin, in na ji namiji yana zuba yabo idanunsa na wajena, ba na saurin sunkuyar da kai. Hannunsa nake fara dubawa, in ga abin da yake riƙe da shi.