Mayen Ƙarfen da Na Tufka

Ranar da makullin ɗakin injin niƙa ya faɗa rijiya, mata na zaune da geronsu, ni na ce kowa ya kwantar da hankalinsa. Ai na yi lakwal, wato makarantar boko, a Tasawa. In ka naɗa waya a jikin ƙusa ka haɗa da batir, ta zama mayen ƙarfe, kuma yawan naɗi yawan ƙarfi.

To, ubana tufkar igiya yake yi, na san riɓi biyu ya fi ƙarfi. Sai na ninka wayar biyu kafin in naɗa, ina yi ina wa jama'a bayani. Sau bakwai muna zura ƙusar a rijiya, ruwa kaɗai take fitowa da shi. Wata tsohuwa ta miƙo allurarta, ita ma ta ƙi kamuwa.

Mushe Isa, kamar yadda muke kiran malamin lakwal, ya duba ya ce, "Malam, wutarka zuwa take tana dawowa, rabi na kashe rabi." Ya warware, ya naɗa ta fuska ɗaya. Zurawa guda, sai ga makulli.

Har yau in allura ta faɗi, matata sai ta ce, "Injiniya, in duƙa, ko za ka tufka?"